Ba3CoSb2O9: kiristal ɗin da ya tsaya cak tsakanin tesla 10 da 15

A shekarar 2012 wasu masana fiziks huɗu a Japan, Yutaka Shirata da Hidekazu Tanaka na Cibiyar Fasaha ta Tokyo, da Akira Matsuo da Koichi Kindo na Jami'ar Tokyo, suka ɗauki garin wani sinadari mai suna Ba3CoSb2O9, suka sanyaya shi zuwa Kelvin 1.3, wato digiri 1.3 kacal sama da iyakar sanyi ta ƙarshe, sannan suka buga masa filin maganadisu mai ƙarfin gaske. A bisa al'ada, in ka ƙara ƙarfin filin da ke jan abu, maganadisun abin ma yakan ƙaru. Garin ya bi wannan ƙa'idar da farko. Da ya kai kashi ɗaya bisa uku na iyakar abin da zai iya kaiwa, sai ya ja ya tsaya. Ana ƙara fili, shi ko gezau. Sai da aka ƙara kusan tesla biyar kafin ya sake motsawa, ya ci gaba da hawa har ya cika a wajen tesla 32.

Don a gane girman waɗannan alƙaluma: filin maganadisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kimanin kashi 50 ne cikin miliyan na tesla ɗaya, na'urar MRI ta asibiti kuma takan yi aiki da tesla 1.5 zuwa 3. Filin da ya wuce tesla 30 ba kowane ɗakin gwaji ke iya riƙe shi ba, shi ya sa a wurin Kindo ake sakin wutar lantarki mai yawa cikin naɗin waya na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, a kammala awo kafin wayar ta yi zafi.

Wannan tsayuwar ita ake kira shimfiɗar ɗaya bisa uku, saboda yadda layin awon ke miƙewa a kwance a kan takarda. An yi hasashenta tun 1991. Abin da ya sa ta cancanci a zauna a kanta shi ne musabbabinta, da kuma rikicin da ya biyo baya lokacin da aka leƙa cikin kiristal ɗin da niyutiron, wata ƙwaya ta tsakiyar zarra wadda ba ta da cajin lantarki.

Matsalar alwatika

Kowace zarrar kobalt da ke cikin wannan sinadari tana ɗauke da ɗan ƙaramin maganadisu da ake kira sifin, wanda ake zana shi kamar kibiya. A ƙarfen da ke manne wa maganadisu, kibiyoyin maƙwabta sun fi son fuskantar wuri ɗaya. A wasu sinadarai kuwa, irin waɗanda Louis Néel na Faransa ya yi bayaninsu har ya samu kyautar Nobel a 1970, kowace kibiya tana son saɓa wa maƙwabciyarta: wannan sama, ta kusa da ita ƙasa. Mu kira su maganadisun saɓani. Idan zarrorin sun jeru a kan murabba'ai babu wata wahala, sama da ƙasa za su yi ta karɓa-karɓa, kowa ya samu abin da yake so.

A kan alwatika abin ba ya yiwuwa. Ta farko sama, ta biyu ƙasa, ta ukun fa? Duk inda ta fuskanta sai ta dace da ɗaya daga cikin biyun. Siffar jerin ce kanta ta takura su, ba wani datti ko lahani a kiristal ba.

Gregory Wannier ya warware wannan lissafi a 1950 ga kibiyoyin da ba su da zaɓi sai sama ko ƙasa. A alwatika ɗaya akwai hanyoyi takwas na jera kibiyoyi uku, shida daga ciki kuma makamashinsu ɗaya ne, babu wadda ta fi wata. In aka haɗa alwatikai masu ɗimbin yawa, hanyoyin da suka yi kunnen doki sukan yi yawan da kibiyoyin ba sa taɓa zama a tsari guda, ko da an kai sanyi na ƙarshe. Amma idan kibiya tana da 'yancin juyawa ko ta ina, akwai sulhu: kowace ta karkata da digiri 120 daga 'yar'uwarta. Ka tuna duwatsun murhu uku, ka zana kibiya daga tsakiyar tukunya zuwa kowane dutse, to ka ga tsarin. Babu wadda ta samu cikakken saɓanin da take so, amma in ka haɗa ukun jimillarsu sifili ce.

A 1973 Philip Anderson ya kawo wata magana. Ya ce idan sifin ɗin mafi ƙanƙanta ne, wato rabi, rawar da dokokin kwantam, wato dokokin da ke mulkin ƙananan abubuwa irin zarra, ke sa shi za ta iya rushe ko da wannan sulhun, kibiyoyin su kasance kamar ruwa, ba su daskare a kowane tsari ba. Maganar ta ja hankali ƙwarai, sai dai lissafin kwamfuta bai goyi bayanta ba a kan wannan jeri. Daga aikin David Huse da Veit Elser a 1988 zuwa na Steven White da Alexander Chernyshev a 2007, sakamakon ɗaya ne: tsarin digiri 120 yana nan, amma rawar kwantam ta cinye fiye da rabin tsawon kowace kibiya, abin da ya rage kusan kashi 41 ne cikin 100. A riƙe wannan adadi, domin za a sake buƙatarsa. Tsari ne da ya tsira da ƙyar.

Yanzu a kawo fili daga waje. In ka yi lissafi irin na da, wanda ke ɗaukar sifin a matsayin kibiya tsayayya, sharaɗi ɗaya kawai ake nema: jimillar kibiyoyi ukun ta yi daidai da ƙarfin filin. Hanyoyin cika wannan sharaɗi ba su da iyaka. Za su iya tashi tare su karkata wajen filin kamar ƙarafan laima da ake rufewa. Za su iya zama a shafi ɗaya cikin siffar harafin Y. Duka makamashinsu ɗaya. A cikin wannan lissafin, tsarin da kibiyoyi biyu ke kallon sama ɗaya na kallon ƙasa yana bayyana ne a ɗigo ɗaya tak, daidai sulusin filin cika, wato filin da ke sa duk kibiyoyin su kalli wuri ɗaya, a wuce shi nan take.

Andrey Chubukov da Denis Golosov ne suka nuna a 1991 cewa rawar kwantam tana raba wannan gardama. Sifin ba ya taɓa tsayawa cik, kuma makamashin rawarsa ya danganta da yadda maƙwabtansa suka jeru. Ya fi araha idan duk suna kan shafi ɗaya, ya fi araha kuma idan suna kan layi ɗaya. Saboda haka laima ta faɗi, Y ta ci a ƙaramin fili, sannan tsarin sama-sama-ƙasa, wanda shi kaɗai ne ke kan layi ɗaya, ya samu rangwamen da ya sa yake zama daram a kan tazara mai faɗi maimakon ɗigo. Biyu a cire ɗaya saura ɗaya, cikin uku: ga inda sulusin ya fito. Jacques Villain da abokan aikinsa sun riga sun bayyana irin wannan dabi'a a 1980, inda hargitsi da kansa ke zaɓar tsari. Rawar da ta kusa rushe tsari in babu fili, ita ce ke kafa shi a tesla 10.

Me ya sa sai wannan sinadari

An taɓa ganin shimfiɗar kafin 2012. Ɗakin gwajin Tanaka ɗin nan ya gan ta a Cs2CuBr4 a 2003. Amma alwatikan wancan kiristal ɗin a karkace suke, ɓangarorinsu ba ɗaya ba, kuma akwai wata hulɗa mai murɗa kibiyoyi, wadda ake danganta wa Dzyaloshinskii da Moriya, da ke shiga cikin lamarin. Duk abin da ka gani, mai musu zai iya cewa karkacewar ce ta jawo shi.

Ba3CoSb2O9 ba shi da wannan uzuri. Yoshihiro Doi da Yukio Hinatsu da Kenji Ohoyama sun yi nazarin gininsa a 2004, suka ga yana shiga tsarin maganadisu a Kelvin 3.8, ƙasa kaɗan da inda ruwan hiliyam ke tafasa. Zarrorin kobalt suna jere a falle-falle, kowane falle saƙar alwatikai ce masu ɓangarori daidai, tazarar maƙwabta angistirom 5.86 (angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita). Tsakanin falle da falle, tazarar kusan 7.2, akwai bariyam da antimoni da iskar oksijin, waɗanda ba su da maganadisu. Daidaiton ginin ya haramta waccan hulɗa mai murɗawa tsakanin maƙwabta. Sifin kobalt a nan asalinsa uku bisa biyu ne, amma haɗuwarsa da kewayen da ilektron ke yi a cikin zarrar ta raba matakan makamashinsa, mataki na ƙasa ya zama mai hali biyu kacal, sauran kuma suna can sama da tazarar da ta kai ɗaruruwan Kelvin. A sanyin da ake aiki, kobalt yana nuna halin sifin rabi.

Ƙarfin hulɗar maƙwabta, wanda ake rubutawa da harafin J, ana iya fitar da shi daga filin cika, tunda a wannan jeri makamashin filin cika ninki huɗu da rabi ne na J. Tesla 31.9 ya ba su J na Kelvin 18.2. Wannan sa'a ce babba. Da J ya kai ɗaruruwan Kelvin kamar yadda yake a sinadaran tagulla da yawa, da babu maganadisun da zai kai ga shimfiɗar, balle cikar. Lissafin kwantam ya ce shimfiɗar za ta fara a kusan kashi 31 cikin 100 na filin cika, ta ƙare a kusan kashi 48. Ka buga da 32, za ka samu wajen 10 da wajen 15. Abin da aka auna ke nan.

Wani abu da masu kallon hoton sakamakon kan manta: a ɗanyen awo shimfiɗar ba a kwance take sarai ba. Kobalt yana da wani ƙarin maganadisu da fili ke jawowa daga matakan sama, wanda ke ɗauke da sunan Van Vleck, kuma yana ƙaruwa a miƙe da fili. Sai an cire shi layin ke kwantawa. Cirewar halal ce, domin ana auna girmansa daga gangaren da ya rage bayan cika, amma kyakkyawan hoton da ake nunawa a taruka ya bi ta hannun lissafi.

Ƙananan abubuwa biyu da suka sauya taswira

Gari yana da aibi: ƙwayoyinsa suna fuskantar ko'ina, abin da ka auna matsakaici ne. A 2013 Takuya Susuki da sauran 'yan ɗakin Tanaka suka maimaita awon da kiristal guda, suka juya shi ta fuska biyu. Da filin ya bi shafin fallen, shimfiɗar ta fito tsaf. Da aka tsayar da filin a kan fallen, sai ta ɓace, ɗan lanƙwasa kawai aka gani a wajen tesla 12.

Dalili shi ne kibiyoyin ba su da cikakken 'yanci. Sun ɗan fi son kwanciya a shafin fallen, fifikon da bai wuce kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na J ba, gwargwadon hanyar da aka bi aka ƙiyasta shi. In filin yana tsaye, wannan ɗan fifiko ya isa ya mayar da laima kan gaba a ƙaramin fili. A wajen tesla 12 rawar kwantam ta rinjaye shi, kibiyoyin suka yi tsalle daga laima zuwa tsarin shafi ɗaya, lanƙwasar da aka gani ke nan. In filin yana kwance kuwa, fifikon da rawar kwantam abu ɗaya suke so, sai jerin ya tafi yadda aka yi hasashe: Y, sannan sama-sama-ƙasa, sannan siffar V, inda biyu ke tafiya tare ɗaya na gefe.

Sai dai an ga wani ƙarin sauyi sama da tesla 20, wanda babu shi a lissafin falle ɗaya. Daisuke Yamamoto da Giacomo Marmorini da Ippei Danshita suka nuna a 2015 cewa hulɗar da ke tsakanin falle da falle ce ta haifar da shi, ita ma kusan kashi biyar ce cikin ɗari na J. A wannan filin fallayen suna sauya yadda suke hawa kan juna. A shekarar dai, Georgios Koutroulakis da abokan aikinsa suka bi kiristal ɗin da awon NMR, irin dabarar da na'urar MRI ke aiki da ita, har zuwa tesla 30 a Amurka, suna sauraron abin da zarrorin bariyam ke ji daga kibiyoyin da ke kewaye da su, suka tabbatar da laima a fili tsayayye da sama-sama-ƙasa a fili kwantacce.

Hatta Kelvin 3.8 ɗin kansa daga waɗannan ƙananan abubuwa ya fito. David Mermin da Herbert Wagner sun tabbatar a 1966 cewa falle ɗaya tilo na kibiyoyi masu 'yancin juyawa ba zai iya riƙe tsari mai nisa ba muddin akwai ɗan zafi komai ƙanƙantarsa. Akwai shaida a ɗan'uwan wannan sinadari, Ba8CoNb6O24, inda aka nisanta fallayen kobalt da juna: an sanyaya shi har Kelvin 0.06 ba a ga ya shiga tsari ba.

A ganina nan ne darasin aikin yake ga duk mai son shiga fannin. A maganadisu na yau da kullum, gyaran kashi biyar cikin ɗari yana matsar da adadi ne kaɗan. A inda siffa ta sa tsare-tsare da yawa suka yi kunnen doki, babbar hulɗa ta riga ta kasa yanke hukunci, sai ƙaramar ta zama alƙali. Wanda ya yi watsi da ita zai samu taswirar da ta rasa yankuna sukutum.

Inda niyutiron ya ɓata lissafi

Zuwa 2015 ana iya cewa an fahimci yadda kibiyoyin ke tsayawa. Saura yadda suke motsi. Ana auna wannan ne ta hanyar harba niyutiron cikin kiristal a ga makamashin da ya bari a ciki. A maganadisu mai tsari, bugun yakan tayar da igiyar da ke bi ta kan kibiyoyin, ƙwayar wannan igiya kuma sunanta magnon. Kowane tsawon igiya yana da makamashinsa guda, don haka sakamakon yakan fito a siraran layuka. Lissafin igiyar sifin tsoho ne, ya yi aiki a sinadarai bila adadin.

Jie Ma da abokan aikinsa suka yi awon a Oak Ridge da ke Amurka, suka buga a 2016. Ba tare da fili ba, tsarin digiri 120 yana nan a kwance cikin falle kamar yadda ake zato. Amma magnon ɗin sun fito da makamashi ƙasa da hasashe, layukan sun yi kauri a wasu wurare, kuma sama da su akwai hazo mai faɗi na makamashi. Sun ƙara gyara na gaba a lissafin, bai isa ba. A 2017 Saya Ito da 'yan ɗakin Tanaka suka auna a J-PARC da ke Japan, suka ga hazon ya miƙe har makamashinsa ya wuce mili-ilektron-bolt 10, wato kusan ninki shida na J, kuma yana da fasali a cikinsa. Rukunin Radu Coldea na Oxford ya sake aunawa da kyau a cibiyar ISIS ta Ingila a 2020. Hazon bai gushe ba, yana ɗauke da kaso mai tsoka na dukan abin da niyutiron ya gani.

Bayani biyu ne a gaba. Ko dai akwai wasu hulɗoɗi a kiristal ɗin da ba a saka a lissafi ba, wato samfurin ne gurgu, ko kuma samfurin daidai ne, hanyar warware shi ce ta gaza.

Gwajin da ya fi burge ni a duk wannan labari shi ne wanda Yoshitomo Kamiya da abokan aikinsa suka buga a 2018. Suka ce, to, a kai kiristal ɗin cikin shimfiɗar a auna a can. Suka sa fili na tesla 10.5, suka harba niyutiron. Magnon suka fito sirara, tsaf, kuma lissafin igiyar sifin da gyaransa ya kama su da 'yan alƙaluman nan da aka riga aka sani: J, ɗan fifikon shafi, da hulɗar fallaye. Da akwai wata babbar hulɗa a ɓoye, da ta nuna kanta a nan ma. Kiristal ɗaya ne, zarrori ɗaya, fili kawai aka kunna.

Abin ya zo a juye. Shimfiɗar, wadda ba ta da dalilin wanzuwa sai rawar kwantam, ita ce ke da motsi mai sauƙin lissafi. Tsarin digiri 120, wanda ko ɗalibi zai zana da fensir ba tare da ya san kwantam ba, shi ne ya gagara. Akwai hujja a bayan haka. A tsarin da kibiyoyi ke kan layi ɗaya, magnon guda ba ya iya rabewa gida biyu cikin sauƙi, kuma akwai giɓin makamashi da ke kare tsarin. A tsarin digiri 120 kuwa, karkacewar kibiyoyin tana ba magnon ɗaya damar haɗuwa da biyu, ga shi kuma dama tsari ne da ya tsira da kashi 41 kacal.

Daga nan masana suka rabu a kan fassara. Esteban Ghioldi da Adolfo Trumper da Luis Manuel na Rosario a Ajantina, tare da Cristian Batista na Tennessee, suka fara daga ɗaya gefen: suka ɗauka cewa ainihin ƙwayoyin motsin rabin magnon ne, waɗanda ake kira sifinon, magnon kuma biyu ne daga cikinsu da suka ɗaure da juna sako-sako. Hazon shi ne inda suka rabu. Wannan ya dace da wani abu da lissafin kwamfuta ya nuna, cewa in aka ƙara hulɗa da maƙwabta na biyu da ba ta wuce kashi shida ko bakwai cikin ɗari na J ba, tsarin digiri 120 yakan narke ya koma irin ruwan da Anderson ya faɗa. A wannan karatun, Ba3CoSb2O9 daskararre ne da ke zaune a bakin narkewa, kuma ana jin ruwan a motsinsa. Ruben Verresen da Roderich Moessner da Frank Pollmann kuwa sun nuna a 2019 cewa idan hulɗa ta yi ƙarfi, hazon yakan tura layin magnon ƙasa ya fitar da shi daga cikinsa maimakon ya haɗiye shi, abin da ke bayyana dalilin da magnon ɗin suka yi ƙasa amma ba su mutu ba.

A 2022 Runze Chi da Tao Xiang da abokan aikinsu a Beijing suka warware samfurin mai sauƙi da wata hanyar kwamfuta da ba ta fara da zaton akwai magnon ko sifinon ba. Layukan da hazon suka fito kusa ƙwarai da abin da niyutiron ya auna. Wannan ya ƙarfafa hukuncin Kamiya: samfurin yana da lafiya, tsohon lissafin igiyar ne bai kai ba. Amma kwamfuta ta ba da hoto ne kawai, ba ta ce ga sunan abin da ke cikin hazon ba. Mai cewa magnon ne masu ƙarfin hulɗa da mai cewa sifinon ne da suka kusa kuɓuta duka suna iya nuna hoton nan su ce ya goyi bayansu.

Ni na fi karkata ga masu sifinon, saboda yawan nauyin da hazon ke ɗauke da shi da nisan da ya kai sun yi wa magnon biyu yawa. Abin da zai raba gardamar shi ne a samu hanyar tura kiristal irin wannan zuwa bakin narkewar a hankali, ta matsi ko ta sauya wata zarra da wata ba tare da an ɓata alwatikan ba, ana auna hazon a kowane mataki. In sifinon ne, layin magnon zai riƙa dusashewa yana miƙa nauyinsa ga hazon tun kafin tsarin digiri 120 ya rushe.